Giga Takwas

Wata bakwai ina buga wa ɗaliban Samaru takardun kammala karatu,
shafi naira ɗari, wani ma sai ya nemi ragi,
har yatsuna suka haddace sunayen malaman da ban taɓa gani ba.
Dubu ɗari da tamanin na tara.
Ranar Asabar na shiga bas, ta Kwangila, sai Sabon Gari,
hannuna a kan aljihu tun daga tasha.

A shagon Nduka, bayan masu gyaran fanka,
katunan hoto uku ne kwance cikin gilas.
Na farko sabo dal, ledarsa ko ƙwarzane babu,
yana da fitilu ja da shuɗi kamar motar amarya.
Giga huɗu.
Na biyu na hannu ne, kwalinsa ya ɓata tun a ƙasar da ya baro,
fiffiken fankarsa ɗaya an like shi da gam.
Giga takwas.
Na ukun ban ma tambaya ba,
na dai ga sha biyu a jikinsa, na gaishe shi da ido, na wuce.

Zuciyata ta tafi wajen mai fitila.
Sai na tuna Ukasha, ɗan Gyallesu,
da ya sayi irinsa bara, ya kira mu kallo har da lemo.
Wasan ya fara lafiya lau.
Da jarumin ya shiga cikin birni sai bango ya zama kunu,
fuskokin mutane suka narke,
mota ta tsaya a iska tana in'ina,
Ukasha yana ta rage inganci, yana ragewa,
har itatuwa suka koma tsintsiya.

Shi ne ya ce da ni a ranar, yana tattara kwalabe:
injin kati direba ne,
ƙwaƙwalwarsa kuwa bayan a-kori-kura.
Komai gudun direba, in bayan motar ƙarami ne
sai ya yi ta sawu, ya kai ya dawo,
kai kuma kana zaune da linzami a hannu kana jiransa.

Na ce, Nduka, wannan tsohon nawa?
Ya ce ɗari biyu da goma.
Na ce, wa ya san wahalar da ya sha?
Wataƙila shekara uku ya yi dare da rana yana haƙar kuɗin intanet
a wani ɗaki marar taga.
Ya yi dariya, ya rantse da kabarin kakarsa.
Na ce bar kaka ta huta, tada janareta.

Minti arba'in muka ba shi wuta.
Na ɗora masa wasa mafi nauyi a kwamfutar shagon,
na kasa kunne ga fanka, na kai bayan hannu kusa da ƙarfensa
kamar mai duba zazzaɓin yaro.
Da ɗumi, amma bai kai na tsoro ba.
Bango ya tsaya bango. Har tsagar bulo na gani,
har digon ruwa a gilashin mota.

Ɗari da saba'in da biyar muka tsaya,
da sharaɗin sati biyu, ya rubuta a bayan rasit.
Ya ce, akwatin wutarka zai ɗauke shi kuwa?
Na yi shiru. Wannan lissafin wata mai zuwa ne.

Dubu biyar ta rage, na sayi tsire na ɗari biyar a Kofar Doka.
Na iso gida ana kiran magariba,
na kwance sukurori huɗu, na zaunar da shi a raminsa, ya ce ƙas.
Na miƙa yatsa zan kunna,
unguwa ta yi duhu gaba ɗaya.

Ƙanwata Nusaiba ta leƙo da tocila,
ta haska cikin akwatin, ta haska fuskata.
Yaya, wannan ne na wata bakwai ɗin?
Na ce shi ne.
Ta ce, to ai ko fitila ba shi da ita.